Ranar da Aka Zuba wa Motar Baba Jan Mai

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar a firamare. Ina tsugune a bakin famfon layinmu a unguwar Makera ta Kaduna ina jiran bokitina ya cika, sai na ji ihun yara daga bakin titi. Ina ɗaga kai na hango wata tsohuwar a-kori-kura tana tafe a hankali, ta janyo wata mota da igiya. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin irinta ba. Ruwan ɗorawa ce, ƙofa biyu, kujera biyu, hancinta dogo, bayanta guntu, ta kwanta ƙasa har cikinta na gogar tudun hanya. Na bar bokiti yana ambaliya na bi ayari, ina tsalle ina tambayar ta wane ne. Ban ankara ba sai na ga an sha kwana an tsaya cak a ƙofar gidanmu. Wallahi sai da na dafe ƙirji.

Wanda ya kawo ta Baba Bitrus ne, bakanike mai gareji a unguwar Television, aminin mahaifina tun suna samari. Mahaifina direban babbar mota ne, shekara da shekaru yana ɗauko auduga zuwa masaƙun Kakuri, har ranar da mota ta kife da shi, likitoci suka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Ciwon ya warke, amma Baban da muka sani bai dawo ba. Mutumin da ake jin dariyarsa tun daga bakin layi ya koma zaman tabarma a gindin gwaibar tsakar gida, sandunansa biyu a gefe, in ya ji ƙugin babbar mota sai ya ƙara wa rediyo murya. Ko ƙofar gida ba ya leƙawa. A makaranta in muka yi rigima wajen 'yar gala-gala, da "'yar gurgu" ake gamawa da ni, ni kuma ba na barin ta kwana, shi ya sa kullum hijabina a yage. Ran nan Baba Bitrus ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Malam Audu, na kawo maka doki. Wani maigidana ne ya bar mini ita da zai bar ƙasar. Otomatik ce, ba ta da kuloci. Ƙafa ɗaya take so, kai ma ɗaya gare ka, kun dace." Baba ko kai bai ɗaga ba. Ya ce, "Bitrus, ka daina wasa da ni. Ina ka taɓa ganin direba da ƙafa ɗaya?"

Baba Bitrus bai ja da shi ba, ya hau babur ya tafi ɗauko batir da mai. Mu kuwa abin nema ya samu. A layinmu duk motar da ta ƙi tashi da safe mu ne maganinta, daga tasin Malam Garba har bas ɗin 'yan kasuwa. In dai turi ne, mu gwanaye ne. Yayana Sani ya lanƙwashe ya shiga mazaunin direba, muka jeru a baya, maza da mata, har da masu tallan gyaɗa da suka ajiye farantansu. Muka tura, muka tura, ana ta ce masa ya sa mata giya biyu ya saki. Ya leƙo ta taga fuska duk gumi ya ce shi fa ba ya ganin giya biyu, haruffa kawai yake gani. Muka kai ta ƙarshen layi, muka dawo da ita, muka sake, har tafin hannuna ya yi ja, mota ko tari ba ta yi ba. A haka Baba Bitrus ya same mu, ya yi dariya har da zama a bakin kwata, ya ce ko unguwar Romi muka kai ta ba za ta tashi ba, ita ba a tayar da ita da turi. Ya ɗaura batir, ya murza makulli. Injin ya yi wani gurnani da ya watsa kajin unguwa, muka kama tsalle muna tafi. Amma da ya ja giya sai motar ta yi nishi kawai, ta ƙi motsawa ko taku ɗaya. Ya buɗe bonet, ya zaro wani siririn ƙarfe mai auna mai, ya shinshina, ya miƙo mini saboda na fi kowa cusa kai. Baƙi ƙirin, yana ƙauri kamar tuwo ya kama. Ya ce man giyarta ne ya mutu, dole a canza, kuma tsohuwar giya ba a yi mata alkawari: in ta sha sabon mai, ko ta warke ko ta ƙarasa gaba ɗaya.

Sai ga wata matsalar. Daga ƙasan mota ake zubar da man, ita kuwa ko kyanwa sai ta rusuna kafin ta shiga ƙarƙashinta. Jak ya ƙi shiga, ramin garejin Baba Bitrus kuma ruwan sama ya cika shi. Sai dai a haƙa rami a gida a turo motar a kai, kuma duk tsakar gidanmu daɓe ne in ban da lambun Inna. Lambun nan ko akuya ta san ba a taɓa shi. Yakuwa, alayyafo, kuɓewa da ta fara fure, kullum da safe ni ke cire masa ciyawa kafin in tafi makaranta, kuma na sha rankwashi saboda ƙwallon Sani ta faɗa ciki ina kallo. Ba mai ƙarfin halin tambaya. Inna tana bakin murhu tana jin mu. Ta kalli Baba a kan tabarmarsa, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙe ta gyara ɗaurin zane, ta shiga lambun ta fara tuge kuɓewar da hannunta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ku kawo shebur, rana na yi."

Kafin azahar rami ya haƙu, dogo, mai zurfi har ƙuguna. Aka buɗe ƙyauren langa-langa, aka turo mota a hankali, tayoyinta suka raba ramin a tsakiya. Aikin na mutum biyu ne, ramin kuma ba zai ɗauki manya biyu ba, don haka ni aka zaɓa. Na cire hijabi na dira ciki ina jin kaina kamar an naɗa ni sarauta. Baba Bitrus ya ba ni tsohuwar robar wankin Inna in tara, shi kuma ya shiga kwance notinan farantin da ke riƙe da man, ɗaya bayan ɗaya, ya bar na gefe guda don farantin ya karkata. Ya ce in yi hankali. Hankalin da ban yi ba ke nan: mai ya ɓalle ta inda ban zata ba, ya bi hannuna har hammata, ya sauka a kan sabon kitsona. Yaran da ke leƙowa suka fashe da dariya, ni ko a jikina. Muka fito da farantin, muka wanke shi da kananzir shi da matatar man. A cikinsa akwai ɗan maganaɗisu da garin ƙarfe ya lulluɓe, laushi kamar kwalli, na goge shi tas da tsumma. Duk wannan bidiri Baba na gindin gwaiba ya ba mu baya, amma na lura tun ɗazu rediyonsa a kashe yake.

Da aka mayar da faranti aka ɗaure, muka fito daga rami, Baba Bitrus ya buɗe galan ɗin sabon man giya da ya aika aka sayo. Jan mai ne garai-garai, wani yaro ya rantse zoɓo ne. Aka yanka gorar ruwa aka yi mazurari, aka haɗa da tiyo, na riƙe yana tsiyayawa kaɗan-kaɗan ta ramin ma'aunin. Sannan ya goge hannu ya ce saura mai wuyar. Wannan mai ba a auna shi sai inji na aiki ya ɗau zafi, kuma sai wani ya zauna ya take birki, ya bi giyoyin nan ɗaya bayan ɗaya don man ya ratsa ko'ina, shi kuma yana gaba yana duba ma'auni. Sani ya yi wuf zai shiga, Baba Bitrus ya tare shi. Ya ce wannan aikin kunnen direba yake so, wanda zai ji shigar giya a jikinsa. Sai da na girma na gane ko ni zan iya. Ya juya wajen gwaiba ya ce, "Malam Audu, ba tuƙi na ce ba. Birki kawai za ka taka mini."

Baba ya jawo sandunansa, ya miƙe, ya tako a hankali. Ya jingina su da bango, ya dafa rufin motar, ya zame ciki. Ya kama sitiyari. Ya tayar da inji, ya gyara madubi ba wanda ya ce ya gyara. Ya take birki, ya ja giya zuwa ribas. Shiru. Can sai muka ji dum, mota ta yi ɗan zillo ta tsuguna, ta kama. Ya bi sauran giyoyin, kowace ta amsa. Baba Bitrus ya duba ma'auni, ya ƙara ɗan mai, ya sake dubawa, ya rufe bonet ya matsa gefe. Baba ya mayar da ita ribas, ya ɗaga ƙafarsa daga birki. Motar nan ta ja da baya sumul, taya na bin gaɓar rami da tazarar da ba ta kai tafin hannu ba, idonsa na kan madubi, har ta fita ƙyaure. Layi ya kaure da ihu. Kujera ɗaya ce ta rage, kowannenmu na nuna ƙirjinsa, ni har da kuka don ina ganin na fi kowa cancanta. Baba ya leƙo ta taga, ya wuce mu duka da ido, ya kalli Inna ya ce, "Hajara, zo mu je." Inna ta shiga da ƙasar lambu a farcenta, tana rufe fuska da mayafi don kunya. Suka tafi, muka bi su da gudu. Sai da na kai bakin titi na tuna, na koma gida a guje. Sandunan nan biyu suna jingine da bango, ya manta da su. Na rungumo su na fito ina dariya ina hawaye, ga baƙin mai na bin goshina.

Yau otomatik ta cika Kaduna, ba mai waiwayenta. Ni ma ita nake ja, kuma in lokacin canjin man giya ya yi, na'ura ce ke ɗaga ta sama, ina zaune a inuwa ina latsa waya, ba wanda ke leƙowa ya gani. Baba ya yi shekaru yana tuƙi bayan ranar nan, ya kai mu makaranta, ya kai amaren unguwa, kafin Allah Ya karɓi abinSa. Wani lokaci yaron gareji kan tambaye ni me ya sa nake tasowa in tsaya kusa in ana zuba man, sai in ce babu komai. Ina zan fara yi masa bayani? A idona aka zuba shi, ubana ya tashi.