Ranar da Baba Ya Tare Mini Hanya

Ko me zan manta a zamana na jami'a, ban da ranar da na kare bincikena ina tsaye a kan amalanken shanu.

Muna shekarar ƙarshe aka ce kowa zai yi bayanin bincikensa ta waya, malamai na kallonsa a bidiyo. Wanda ya faɗi kuwa sai baɗi. Ni ina ƙauyenmu a bayan Basirka, ruwa ya cinye hanyar mota, balle in gudu Birnin Kudu. Sabis kuma wuri ɗaya yake zama, wani tudu a bakin hanyar kasuwa. Da na nemi aron amalanke don in ƙara tsawo, Baba ya taɓe baki ya ce, "Karatun waya ai hira ce." Ya dai ba ni.

Ashe ranar kasuwa ce! Na ɗare, na gyara wuyan riga, na soma zuba Turanci, sai ga wani dattijo a keke: "Salamu alaikum! Ɗan Malam, an zo hutu?" To, wa ya isa ya share sallamar dattijo? Na amsa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa. Yana wucewa gwaggona ta iso da akuyarta, ita ma ta ɗora. Shugaban malaman ya ɗaure fuska ya ce, "Kai, bincike ka zo karewa ko yawon Sallah? Aka sake katse ka, mun rufe."

Ashe Baba na dawowa daga gona, ya ji komai. Ya ajiye fartanya, ya tsaya tsakiyar hanya. Duk wanda ya taho sai ya tare shi: "Wa alaikumus salam, lafiyarsa lau, ya gode. Yana gaban malamansa, yi ƙasa da murya." Haka ya tsaya cikin rana har na kai ƙarshe.

Shugaban ya ce, "Ka ci. Wane ne wancan mai ba da hannu?" Na ce mahaifina ne. Ya ce in juya wayar. Ai kuwa Baba ya russuna: "Ranka ya daɗe, ina gajiya? Ya iyali? Ya ruwa?" Duk gaisuwar da ya hana mutane, shi ya juye wa farfesa ita, malamai na ta dariya, ni ina share ƙwalla.

Yau ni ma ta waya nake koyarwa. In aka yi wa ɗalibina sallama nakan ce ya amsa, zan jira. Na'ura takan kai aji har ƙauye, amma ba kowa ke da uban da zai tare masa hanya ba.