Wayar da Baba Kofur Ya Yanke

Ranar Laraba ce, kwana tara bayan saukowa daga Arfa, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, a saman rufin wani gida mai hawa uku a unguwar Hindawiyya, cikin Makka. Mu uku ne a wurin: ni, da mai gidan wanda ake kira Abu Faisal, da wani tsoho da kowa a layin ke ce wa Baba Kofur. Shekaru sun ja tun lokacin, amma wallahi abin da zan faɗa muku ya faru, kuma ba zan ƙara masa ko kalma ɗaya ba, domin aikina ma na rediyo ne, an koya mini in faɗi abin da na gani da wanda na ji, in tsaya a nan.

Gidan rediyon da nake wa aiki ne ya tura ni aikin Hajji a shekarar, kuma Abu Faisal ne ke kai ni wurare a tasi ɗinsa. Haifaffen Makka ne, kakansa ya zo daga Kano a ƙasa bai koma ba, Hausarsa rabi Larabci ce. A hanyar unguwar Zahir ya faɗa mini damuwarsa. Ya ce akwai tsoho a ɗakin saman gidansa, tun zamanin mahaifin shi Abu Faisal yake nan, ya zo aikin Hajji ya zauna, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba shi da kowa. To, 'yan watannin nan tsohon ya ɗauki wata ɗabi'a: kullum bayan la'asar sai ya hau saman tankin ruwa ya kafa ido waje ɗaya yana motsa leɓe. Maƙwabta suka fara cewa matansu yake leƙe, har ɗaya ya rantse zai kira 'yan sanda.

“Ya ustaz, in suka zo ni ne a mushkila,” in ji shi. “Na ba shi zuwa Asabar. Ko ya daina, ko in kai shi tarhil, inda ake tsare baƙin haure, da hannuna su mayar da shi Nijeriya. Kai mai ilimi ne, zo ka gan shi, ka faɗa mini gaskiya, majnuni ne ko munafuki.”

Shi ya kai ni rufin nan. Tsohon siriri ne, dogo, ya haura saba'in, kuma kallon da ya yi wa jakata ya nuna mini bai yarda da ni ba ko kaɗan. Sai da na buɗe na nuna masa na'urar ɗaukar murya, na ajiye ta a kashe, sannan ya karɓi shayin da Abu Faisal ya zuba.

“Ɗana, jawazat ne, 'yan shige da fice, suka aiko ka?”

Na ce a'a, Baba, ɗan jarida ne.

“Duk ɗaya ne, kuna rubuta sunan mutum.”

Ni ma, in faɗa muku gaskiya, ban yarda da shi ba. Na sha haɗuwa da tsofaffin da suka yi yaƙi da baki kawai, saboda haka na fara yi masa tambayoyin da maƙaryaci ke tuntuɓe a kansu. Bai yi tuntuɓe ba. Ya ce a yaƙin basasa sojan igwa ne shi, amma bai taɓa harba igwa ba, shi ne idonta. Masu igwa suna can baya, ba sa ganin abin da suke harbi, sai a tura mutum ɗaya gaba ya hau wuri mai tsawo, bishiya ko hasumiya ko tankin ruwa, da madubin hangen nesa a wuya da tarho irin wanda ake murzawa, wayarsa a shimfiɗe a ƙasa tun daga gindin igwa har inda yake. In an harba, mai riƙe da tarho a can zai ce harsashi ya tashi, shi kuma ya fara ƙirga, ya san a ƙirga na nawa harsashin zai sauka. In ya ga ƙurar sai ya gyara musu: ƙara kaza, rage kaza, dama, hagu. Ya ce da Turanci hafsa ke ba da umarni, amma mai tarhon Bahaushe ne, Garba, mutumin Azare, su biyu sai su yi Hausarsu don sauri.

“Abokan gaba ba igwar suke nema ba,” in ji shi. “Ni suke nema. Sun san in sun tsiyaye ido, igwa ta zama ƙarfe. Duk bishiyar da ta fi tsawo ita suke fara kakkaɓewa. Rana ta haska gilashin madubinka sau ɗaya, shi ke nan. Mu bakwai muka koyi aikin tare, biyu muka dawo.”

Na tambaye shi me ya haɗa wannan da tankin Abu Faisal. Ya ce tarhon ne ya dawo yana kiransa, kuma ba ya iya zama ƙasa in ya kira. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce an yi magana ba, bai faɗi wata kalma ba, ku riƙe wannan.

Ƙarfe biyar saura minti ashirin ya ajiye kofinsa, ya kama tsanin ƙarfe ya hau tankin da saurin da ban zata ba, ya juya baya ga gidajen maƙwabta gaba ɗaya, ya fuskanci wani dutse da babu komai a kansa. Yana ƙirga a hankali, ni kuma ina bin agogona. Da ya kai goma sha tara, shayin da ke cikin kofuna ukun nan ya girgiza, cokali ya yi ƙara a kan faranti. Babu wata ƙara a sama ko a ƙasa.

Abu Faisal ya dube ni. Na ce masa kada ya yi saurin tsorata, ana fasa duwatsu da nakiya ko'ina a garin nan saboda gine-gine, mai yiwuwa tsohon ya haddace lokacin da suke tayar da ita ne, tsohon sojan igwa kuwa ba zai rasa wannan dabarar ba. Na ce zan dawo Juma'a, ranar da ba a aiki.

Alhamis na yi ta bincike kamar wanda aka ba aikin kotu. Na tambayi direbobi biyu da wani mai shago ko ana fasa dutse kusa, suka ce an daina tun kafin Hajji. Na duba ko injin tura ruwa ne ke girgiza rufin, na tarar ya lalace, da bokiti ake hawa da ruwa. Har Abu Faisal ɗin na zarga, na ce ko shi da tsohon sun shirya ne don su sami wanda zai yi musu shaida wurin maƙwabta.

Juma'a na dawo ƙarfe huɗu. Na roƙi Baba ya bar ni in kunna na'ura, na yi masa alkawarin ba zan sa muryarsa a iska ba. Ya ce in kunna, ai gobe ma ba ya nan. Na sa sabon batir, na ɗora abin sauraro a kunnuwana, ina jin komai na layin tsaf: hon na tasi, wata mata tana kiran mai kayan miya, fukafukan tattabaru. Biyar saura ashirin ya hau tanki.

Sai duk ƙarar nan ta ɗauke daga kunnena lokaci ɗaya. Ina ganin motoci suna wucewa a ƙasa, allurar na'ura kuwa ta kwanta. Na ji wani gurnani gajere, kamar ana murza abin niƙa, sau biyu. Na ƙirga da agogo, daƙiƙa goma sha tara, kofuna suka girgiza. Sannan murya ta zo, ta namiji, matashi, siririya kamar daga cikin gwangwani, ba tsoro a cikinta, irin ta mutumin da ke bakin aikinsa yana jiran amsa. Ta yi tambaya ɗaya, ta dakata, ta maimaita.

Na cire abin sauraron na duba bayana, na leƙa matakala, babu kowa. Baba ya sauko yana haki. Na ce masa, da muryar da nake karanta labarai da ita:

“Baba, wane ne ke cewa, Kofur, ina ya faɗa?”

Ya zauna daɓas a kan siminti. Abu Faisal ya ce, “Bismillah, esh fi, me ya faru?” Ba wanda ya kula shi.

“Kai ma ka ji Garba,” in ji tsohon. Ba tambaya ya yi ba.

A nan ya faɗi abin da ya ce bai taɓa faɗa wa mahaluki ba. Wata rana an matsa musu, ya zaga ta cikin daji ya wuce gefen abokan gaba don ya sami bishiyar da ba a kakkaɓe ba, sai ya zamana yana fuskantar inda igwarsu take maimakon ya ba ta baya. Dokar aikin ita ce ka gyara da hannun igwa, ba da naka ba, kuma ya san wannan kamar sunansa. Amma harsasai suna yanke ganye a kansa, ya ga ƙurar farko ta kauce, ya ce dama ɗari biyu. Damarsa ce ya faɗa. A wurin igwa hagu ya kamata. Inda aka juya bakinta kuwa, nan 'yan'uwansa sojoji suke kwance cikin rami. Ya ƙirga goma sha tara, ya gani da madubi, ya ga har fuskoki. Tarho ya yi gurnani, Garba ya tambaye shi. Sai ya zare wuƙa ya yanke wayar, da ya koma ya ce ɓaraguzai ne suka tsinke ta kafin ya yi magana, aka ɗora abin a kan igwar abokan gaba.

“Na yi ɗawafi ba adadi a kan wannan,” ya ce. “Na roƙi Allah. Amma shi yaron ban taɓa ba shi amsa ba.”

Abu Faisal ya ce in kunna masa ya ji da kunnensa. Na mayar da na'urar baya. Ga hon, ga matar, ga tattabaru, sannan shiru na daƙiƙa arba'in da ɗaya, shirun da babu ko hucin iska, sannan ga muryata ina tambayar Baba. Babu gurnani, babu Garba. Abu Faisal ya dube ni irin kallon da na yi ta yi musu kwana uku.

“Ya ustaz, shi ya faɗa maka kalmomin nan jiya?”

Na ce ban ga Baba jiya ba.

“Ka rantse.”

Na juya wajen Harami na rantse.

Ana haka tsohon ya miƙo hannu ya ce in ba shi abin maganar. Na kunna, na mayar da abin sauraro kunnena, ba don ina so ba. Ya riƙe makirufo kusa da baki da hannu biyu, ya gyara zama, ya ce:

“Garba, Kofur ne. Ya faɗa kan namu. Ni na ba da dama, hagu ne. Wayar ma ni na yanke. Ku tsaya da wuta.”

Ƙarar unguwa tana nan a kunnena wannan karon, ba ta ɗauke ba. Amma a ƙarƙashinta na ji ƙit, sau ɗaya, irin na kan tarho in an mayar da shi mazauninsa. Wannan ma bai fito a na'urar ba.

Abu Faisal ya tattara kofuna. A bakin matakala ya tsaya ya ce, “Ya ammi, khalas, maganar Asabar na janye. Amma in ka sake hawa tankin nan, wallahi ba ruwana.”

Na yi ta juya abin tun daga lokacin. Na'ura takan kamo maganar rediyon tasi, na sani, kuma unguwar cike take da Hausawa. Kunne yakan ƙirƙiro murya cikin shiru, wannan ma na sani. Abin da ban samo ba shi ne yadda za a yi kalmomi huɗun da mutum ya ɓoye shekara arba'in da wani abu su faɗo kunnena daidai, da sunan muƙaminsa a gaba. Na tambaye shi ko Garba ya mutu a yaƙin, ya ce lafiyarsa ƙalau suka rabu, bai san inda yake ba.

Shawarata gare ku ɗaya ce. In tsohonku ya fara wani abu da kuka kasa fahimta, kada ku yi saurin kiransa mahaukaci ko mai mugun nufi, kuma kada ku yi saurin gaskata shi. Ku zauna kusa da shi a daidai lokacin da abin ke zuwa masa, ku saurara har ƙarshe, amma ku sani abin da kuka ji ba zai fita daga kunnenku ba.

Ban sa hirar a iska ba. Baba Kofur bai sake hawa tankin ba, maƙwabcin ma bai kira kowa ba. Bayan shekara ɗaya da wata huɗu Abu Faisal ya bugo mini waya ya ce tsohon ya rasu a ɗakinsa bayan azahar, an yi masa salla a Harami, an binne shi a maƙabartar Shara'i.