Lawwali da Budurwar Farin Wata

Jama'a, wannan labarin ba a littafi na karanta shi ba, duk da kuwa na karanta littattafan soyayya har idona ya sani. Wallahi a kaina ya faru, a cikin birnin Katsina, shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Lokacin ina saurayi, ina ɗinki a wani shago a Ƙofar Marusa, bazara ta tsananta, aiki kuma ya yi mana yawa don kowa na son sabon kaya na bikin rantsarwa. Ni kuwa ƙafata na kan keke, hankalina na can wajen wata budurwa da ban taɓa gani ba, irin mai dara-daran idanun nan da ake kwatantawa.

Ina da aboki, Lawwali, ɗan kabu-kabu, tare muka tashi. Shi ke kai ni duk inda za ni a kan mashin ɗinsa, kuma ba ya kirana da sunana, sai dai Sarkin Soyayya.

Wata ranar, dab da magariba, ya kai ni bayan Ƙofar Kwaya in miƙa ɗinki. Muna dawowa muka tarar da mutane sun tsaya suna duban yamma, ana neman jinjirin wata, mu ma muka tsaya. Ina ta ƙifta ido ban ga komai ba, sai na ji murya a bayana, a hankali: "Ga shi can, saman dabinon nan." Na duba, ga shi kuwa, siriri kamar yankan farce. Na waiwaya, sai ga yarinya tsaye a ƙofar wani zauren ƙasa da ke jingine da ragowar ganuwa, siririya, cikin farin gyale. Ta ce sunanta Zulai. Ban gama haɗa kalmomin da na haddace ba jinjirin ya faɗi, ta ce, "Sai gobe," ta shige.

Ƙa'idarta ɗaya ce, ta faɗa mini washegari: in zo zance idan wata na sama, in tashi kafin ya faɗi. Ni da nake neman abin da zai yi kama da labari, sai abin ya burge ni. Ban tambayi dalili ba, ban tambayi sunan mahaifinta ba, ban kuma lura cewa ban taɓa aika kowa ya yi mini sallama da ita ba, kullum ina zuwa tabarma na shimfiɗe, tana zaune.

Da farko hirar gajera ce, don jinjiri ba ya daɗewa bayan magariba. Amma kun san wata, kowace rana yana ƙara kauri, yana ƙara jinkirin faɗuwa, haka hirarmu ta yi ta tsawo, ta wuce isha, ta kai ga unguwa ta yi tsit. Ita ma Zulai sai cika take, kumatu suna fitowa, murya tana ƙarfi, har dariya take yi. Abu ɗaya na lura da shi: duk lokacin da inuwar ganuwa ta matso kan tabarmar, sai ta tashi ta ja ta zuwa cikin haske.

Lawwali na zaune can kan mashin yana korar sauro. A hanya yakan ce, "Sarkin Soyayya, wai ɗiyar nan tana da fuska kuwa? Ni dai gyale nike gani, kai kuma kana ta zuba kamar rediyo."

Daren sha huɗu, wata ya fito daga gabas rana na faɗuwa, cikakke, gari ya yi fari fat. Ranar ban taɓa ganin kyakkyawa irinta ba. Ta ce mini, "Wata zai fara raguwa, ranar da ya tahi ni ma zan tahi." Ni kuma, bakin da ya saba da zaƙin littafi, na dafa ƙirji na ce wallahi duk inda za ta sai na raka ta, ko ina ne. Ta dube ni ta ce, "Ka rantse hwa." Na ce na rantse. Ba ta yi murmushi ba.

Daga nan wata ya fara makara. Ya koma fitowa bayan isha, ya koma sai mutane sun yi barci, ni kuma ina biye da shi, ina tayar da Lawwali yana ƙunƙuni yana kai ni. Zulai na ramewa a kan idona, gefe guda na fuskarta kullum a duhu, muryarta sai na kasa kunne. Ni ma abinci ya fita raina, wandona ya fara zamewa, na ɗinke wa wani Alhaji hannun riga a baibai, maigidana ya ce in je in huta.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni, ita ta tsare ni a tsakar gida. "Ɗiyar wa ce? Jikar wa ce? Wace irin budurwa ce ake zuwa wurinta da asussuba?" Na ba ta labari ina alfahari, har da rantsuwar. Tana tankaɗe, sai ta ajiye rariyar. Ta tambaye ni yadda watan yake da na gan shi ƙarshe, na ce ya zama siriri, dab da asuba yake fitowa. Ta ce, "To gobe ne ƙarshen ganinsa, daga nan sai ya ɓuya." Da dare ta ba ni rubutu na sha, ina shiga ɗaki na ji ta sa kwaɗo ta baya.

Kafin kiran assalatu na ji ƙarar mashin a ƙofar gida, lokacin ni ina dukan ƙyaure, ina kuka kamar yaro, ƙafafuna na ja na zuwa waje ba da sona ba. Na ji Gwaggo na ce wa Lawwali ba inda za ni. Ya zo bakin tagata ya ce, "Haba Sarki, mi ya yi zafi? Kwanta. Ai ba a barin ɗiyar mutane tana jira, bari in tahi in ba ta haƙuri a madadinka, aikin abokin ango ne." Gwaggo ta bi shi tana cewa Lawwali dawo, Lawwali don Allah, amma ya riga ya tayar da mashin.

Da rana ta ɗaga aka sami mashin ɗin a ƙofar zauren, makulli a jiki. Takalmansa na ajiye a bakin ƙofa, a jere, yadda mutum ke tuɓewa idan an ce masa bismilla, shigo. Zauren kuwa kango ne, ba rufi, bayansa ba gida, sai ciyawa da ganuwa. Maƙwabta suka ce tun suna yara haka suka san wurin. An nema, an yi cigiya har a rediyo. Wasu suka ce Legas ya gudu, wasu suka ce aikin masu neman mulki ne, don lokacin duk wanda ya ɓata haka ake cewa. Mahaifiyarsa ta daina magana da kowa.

Da aka ce sabon wata ya tsaya, na saci jiki bayan magariba na koma, a ƙasa. Ba tabarma, ba kowa. Na tsaya nesa kaɗan na kira sunansa, ina jin kaina kamar mahaukaci. Wallahi tallahi, daga cikin kangon nan da nake ganin bangonsa huɗu babu kowa, muryar Lawwali ta amsa, a gajiye, ba wasa a cikinta ko kaɗan.

"Kada ka matso," ya ce. "Faɗa mini, ya faɗi?"

Na duba yamma, jinjirin na dab da kan dabino. Na ce saura kaɗan. Ya fara cewa, "Ka ce wa Inna..." sai watan ya nutse. Na yi ta kira har aka fito daga isha, ba amsa. Na koma washegari, na koma watanni da yawa, ban sake jin komai ba, daga baya ma aka rushe wurin aka yi shaguna. Innarsa ta rasu ban iya gaya mata ko rabin maganar ba, don ban san sauran ba.

Yanzu na yi aure, ina da 'ya'ya, amma idan ana neman jinjirin wata ni cikin ɗaki nake shigewa. Samari, ku ji daga wanda ya gani: ku san gidan da kuke tsayawa a ƙofarsa, ku san iyayen da ke ciki, kuma kada daɗin hira ya sa ku rantse a kan tafiyar da ba ku tambayi inda ta nufa ba. Allah Ya tsare mu da abin da ido ba ya iya tantancewa.