Wutar Babur ɗin Baba

A gidanmu na ƙauye, can bayan Aujara, da an sauke tukunyar tuwo ake fara tatsuniya. Iya, mahaifiyar Babanmu, ba ta yarda garwashi ya mutu a banza. Sai ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura gyaɗa cikin toka, mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙanena Habibu da 'ya'yan maƙwabta. Ba ta buɗe labari irin yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu haɗa baki mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Sai ta gyara ɗankwali ta fara.

Sau da yawa tana cikin labarin za mu jiyo ƙarar babur ɗin Baba daga nesa. Baba malamin allurar dabbobi ne, yana zaga rugage har Miga da Garki a kan wani jan babur mai ƙaton tanki. Duk safiyar Juma'a yakan tsuguna a zaure ya buɗe murfin gefen injin, ya nuna min wasu 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa suna rabuwa. "Wannan shi ne kwantak," in ji shi. "Daga nan wuta take tashi ta je fulogi. In ya yi datti ka goge, in ya buɗe da yawa ka matse." Ina ɗan shekara goma na iya goge kwantak da samfefa.

Labarin da ya fi zauna min a rai shi ne na Tanko falke. Tanko yana da ƙyastu da ya gada wurin ubansa, da shi yake hura wuta duk inda ya yada zango. Wata rana a wata kasuwa ya haɗu da wani tsoho mai ido ɗaya, riƙe da 'yar batta baƙa wadda ba ta da baki ba ta da murfi. Tsohon ya ƙwanƙwasa ta sau uku, sai ga wuta ta fito. Ya ce ba sayarwa yake ba, musaya yake so, a ba shi ƙyastu a karɓi batta. Tanko ya miƙa ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Shekara bakwai yana jin daɗi, abokan tafiya suna fama da ƙyasta dutse, shi kuwa ƙwanƙwasa uku ya gama. Ran nan yana tsakiyar dokar daji shi kaɗai, kuraye suka fara kewaya shi. Ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya sake, shiru. Ya sa dutse ya fasa battar, ya tarar ba komai a ciki, ko toka. A kan bishiya ya kwana, yana ji ana cinye jakunansa ɗaya bayan ɗaya.

"Da ƙyastunsa ne," in ji Iya, tana tona gyaɗa da tsinke, "ko ya jiƙe sai ya sa a hammata ya bushe, ya sake gwadawa. Amma wannan bai san cikinta ba. Da ta yi masa shiru, ta ina zai lallashe ta?"

Habibu ya ce, "Iya, to wa ya kwashe wutar?"

"Kai dai ci gyaɗarka," in ji ta. "Baƙuwa ta naɗe tabarma, ta tafi."

Iya ta rasu ina makarantar sakandare. Baba ya bi ta bayan shekaru, lokacin na riga na kama aikin ofis a Dutse, na yi aure, har na sayi 'yar motata. Ba mu raba babur ɗin a gado ba. Aka bar shi a hannuna a matsayina na babba, amma Habibu ne yake hawa, domin shi ne a gida, shi yake noma, shi yake kai Innarmu asibiti. Ya gama karatun aikin lafiya, shekara huɗu yana jiran a ɗauke shi aiki.

Wata Asabar ya zo Dutse da babur ɗin, ya ce in raka shi wurin Malam Sule, wani dattijon bakanike da ya san Baba. Malam Sule ya buɗe murfin, ya ciro kwantak ɗin ya ɗora min a tafin hannu. Bakinsa ya cinye, ya yi baƙi.

"Na uku ke nan a bana," in ji Habibu.

Malam Sule ya ce, "Irin wanda mahaifinku ya sani an daina kawo shi. Na kasuwa yanzu jabu ne, wata biyu ya ƙone, in ya ji danshi kuma ba ya ba da wuta. Shawarata a mai da shi CDI." Ya ɗauko wani ɗan baƙin akwati da bai kai tafin hannu ba, wayoyi suna reto a jikinsa. "A canja koyil da magineto, a ɗaura wannan. Babu gogewa, babu matsewa. Duk baburan haya shi ne a jikinsu."

Na juya akwatin. A liƙe yake ruf, ba inda za a sa sukuddireba.

"In ya mutu a daji fa?" na tambaya.

"Sai a sa wani. Kowane shago akwai. In ya so ya riƙa yawo da guda a aljihu."

Ban saurari wannan ba. Ni dai baƙar battar Tanko nake gani a hannuna. Na dubi Habibu na ce, "Ka manta labarin Iya ke nan?" Har da 'yar dariyata. Na ce babur ɗin da Baba ya yi shekara talatin yana hawa ba za a farke masa ciki a cusa masa abin 'yan acaɓa ba. Na ce matsalar ba ta kwantak ba ce, ta mai gogewa ce.

"Yaya," in ji Habibu a hankali, "ni nake tura shi in ya mutu."

"To ka koyi gyara, kamar yadda na koya."

Malam Sule ya dube ni, ya dube shi, ya ɗaura sabon kwantak, muka tafi.

Da damina ta yi tsakiya aka kira Habibu tantancewar ɗaukar ma'aikatan lafiya a Dutse, ranar Talata, ƙarfe tara na safe. Na ce ya zo ya kwana a gidana, ya ce Inna ba ta jin daɗi, zai yi sammako. Aka wayi gari da ruwa. Ya sa takardunsa a leda ya ɗaure a ƙirji, ya fito. Tsakanin ƙauyenmu da titi akwai wata fadama, a nan babur ɗin ya yi tari sau biyu ya mutu. Ya buɗe murfin a cikin ruwa, ya goge kwantak da samfefa kamar yadda na ce ya koya, ya hura, ya buga kik har ƙafarsa ta kumbura. Babu wuta. Ya ƙi barin babur ɗin Baba a daji, ya tura shi cikin laka har wata ruga ya ba da ajiya, sannan ya taka zuwa titi. Ya iso Dutse ana kiran sallar azahar. An kira sunansa sau uku, an wuce.

Na tarar da shi a bakin ƙofar wurin, farin yadinsa ya koma ja har gwiwa, ledar takardun tana hannunsa, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Na shiga na roƙi wanda na sani da wanda ban sani ba. Aka ce an rufe. Da na fito na fara cewa wani abu a kan ƙaddara, sai ya ce, "Haka ne, Yaya." Bai kalle ni ba.

Da aka gama girbi ya tafi kudu, wurin wani abokinsa mai sayar da albasa. Yau shekara uku.

Na je gida bayan tafiyarsa, Inna tana zaune a inda Iya take zama. Ina neman wanda zai ce min ban yi laifi ba, sai na ɗauko mata zancen Tanko da battarsa, na ce ai abin da Iya ta koya mana ke nan. Inna ta juyo ta dube ni.

"Iyar taku," in ji ta, "da ashana take hura wuta. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ƙyastu a hannunta ba. Labari ta ba ku don ku zauna wuri ɗaya in samu in wanke kwanuka."

Na daɗe ina juya wannan magana. Ba na jin Iya ta yi mana ƙarya, akwai gaskiya a labarinta. Sai dai gaskiyar ta mai tafiya ce, wanda kuraye za su kewaye in wuta ta ƙi. Shi ya kamata ya zaɓi abin da zai riƙe. Ni ina cikin mota, gilashi a rufe, na zaɓa wa wanda ruwa yake duka. Kuma in na faɗa wa kaina gaskiya, ba tsoron akwatin nake ba. So nake in riƙa zuwa gida ina buɗe murfin nan ina ganin abin da hannun Baba ya taɓa, ko da wani ne zai biya da ƙafarsa.

Bara na ɗora babur ɗin a motar kaya na kai wa Malam Sule. Wuni ɗaya ya gama. Bugu ɗaya yake tashi yanzu, ko an kwana ana ruwa. Daga bakin garejin na kira Habibu, na kara wayar kusa da injin don ya ji.

"Ka ji shi? Na sa masa CDI ɗin. In ka zo sallah sai ka hau abinka."

Na ji hayaniyar kasuwa a bayansa, wani yana kiran a kawo buhu.

"Allah ya sa alheri, Yaya," in ji shi. "Ka gaida Inna. Ina da masu saye a gabana."