Kanwar Kawu Ilu

Ina mahauta a Kwatano, hannuna duk jini, ƙanwata ta kira ni daga Cadawa ta ce Allah ya yi wa Kawu Ilu cikawa, har an kai shi makwanci. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na wanke hannu, na goge wuƙata ta bushe, sannan na samu wuri na zauna. Ko a wannan ma shi na bi.

Ba zan ce mutum ne mai daɗin zama ba. A rumfarsa ta washin wuƙa da lauje na koyi sana'a, ban taɓa jin ya yaba mini ba. Ba ya ɗora ƙarfe a dutse sai ya jiƙa kanwa cikin ruwan washi. In ya gama ya goge da tsumma, ya murza toka, ya shafa man gyaɗa, mai kaya na tsaye yana tsaki. Mahauta sukan tsokane shi: "Ilu, wake za ka dafa muna ne?" Sai ya ce, ko kai bai ɗaga ba: "Ruwa ke ba wuƙa baki, ruwa ke cinye ta."

Wata kaka manoman Gidan Sori suka kawo laujuna ranar kasuwa, shi kuma ya tafi jana'iza. Na wasa su da ruwan banza, na ɗaure su a buhu da danshinsu. Kafin kasuwa ta zagayo duk sun yi ja da tsatsa. Kawu ya bi su har gida, ya sake wasa su ɗaya bayan ɗaya, bai faɗa wa kowa cewa aikina ne ba. Ni kuwa ya ce mini: "Ɗan nan, tashi mini daga dutse." Na tashi, na bar gari da fushi. Bai taɓa aikowa a kira ni ba, har yau abin na ci mini rai. Amma gaskiya tasa ce.

Yanzu na ji 'ya'yansa na shirin ba mai injin washi rumfar, dutsen kuma a jefar bayan gida, wai zamaninsa ya wuce. To, ku ji. A nan Kwatano iskar teku ke cin ƙofar ƙarfe, abokan aikina na canza wuƙa duk damina. Tawa, wadda na baro gida da ita, ko ɗigon tsatsa babu. Suna yi mini dariyar kanwa kamar yadda aka yi masa, in an jima su zo aro. Rumfa taku ce, ku ba wanda kuka so. Dutsen nan kada wanda ya taɓa shi. Ina zuwa, kuma a kansa zan zauna, tunda mai korata ya tafi.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa zafin bakinsa, ya yafe mini fushina. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba matarsa Inna Haɗiza da 'ya'yanta haƙuri. Amin.