Ranar da na bar mahaifina a gindin ɗorawa

Assalamu alaikum, Edita. Ni mutumin Dangora ne a ƙasar Kiru, kuma abin da zan faɗa ya same ni shekaru kaɗan kafin a ba mu mulkin kai, ina saurayi mai ƙarfi a jika, da mata ɗaya da 'yar jaririya. Noma nake yi da damina, da rani kuwa in yi dako a tashar jirgin ƙasa. A tashar nan ne ƙwallo ta shiga raina. Ma'aikatan jirgi suna da ƙwallon fata da suke bugawa da yamma, ni kuma ƙato ne, sai suka riƙa sa ni tsaron gida. Su ne suke ba mu labarin manyan 'yan wasan Kano, masu takalma da riguna iri ɗaya, waɗanda ake biyan kuɗi a shiga kallonsu. Na ƙudurta a raina ko da me za a yi, sai na gan su da idona.

Mahaifina malamin allo ne. Yanar ido ta rufe masa ido biyu har ya daina ganin rubutu, sai dai ya biya karatu da ka. Bayan an kai amfanin gona gida, 'yan'uwa suka yanke shawarar a kai shi asibitin ido a Kano, aka ce ni zan raka shi tunda na saba da jirgi. Mahaifiyata ta riƙo hannuna a zaure, ta ce in tuna ni ne idonsa, kada in sake shi ko da taku ɗaya. Na ce mata to.

Mun isa da hantsi, likita ya duba shi ya ce duka idanun za su gyaru, mu dawo washegari da sassafe a ba shi gado. Muna fitowa na ga mutane suna tururuwa wuri guda, na tambayi wani mai keke, ya ce ai yau 'yan Kano ke karawa da wata ƙungiya da ta zo daga Kudu. Ban tsaya dogon tunani ba. Na ja tsohon nan har kusa da filin, na shimfiɗa masa buzunsa a gindin wata ɗorawa da ke jikin shinge, na ajiye masa buta da goro, na ce masa zan je neman masauki, yanzu zan dawo. Ya sa mini albarka, ya ce in yi a hankali da motoci.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wasan. Ban taɓa ganin jama'a haka ba, wasu a kan benci, mu talakawa a tsaye jikin shinge, masu rake da gyaɗa suna kutsawa tsakaninmu. Akwai wani siririn ɗan wasan Kano da yake wuce mutum uku kamar ba sa nan, kuma mai tsaron gidan baƙin yana tashi sama kamar kyanwa. Na yi ihu har maƙogwarona ya bushe. Sau biyu mahaifina ya faɗo mini a rai, sau biyu na ce wa kaina saura kaɗan a tashi. Ana dab da tashin ne 'yan Kano suka jefa ƙwallo a raga, alƙalin wasa ya busa usur ya ce ba ta ciwu ba. Nan take wuri ya rikice, aka fara jifa, 'yan doka suka shigo da kulake, jama'a suka ture shinge suka yi waje a guje, ta wajen ɗorawar nan.

Da na samu na fita, babu shi. Buzun yana nan an tattake shi, butar ta fashe, sandarsa tana cikin kwata. Na ɗauki sandar, na rantse a zuciyata ba zan ci ba, ba zan zauna ba, ba zan sake taka Dangora ba sai da shi. Na bi masu tebur ɗaya bayan ɗaya ina kwatanta shi, dattijo makaho mai farin rawani. Wata mai fura ta ce ta ga an ɗaga wani tsoho jini a fuskarsa, amma ba ta san inda aka yi da shi ba. Na je ofishin 'yan doka, suka ce ba a kawo musu shi ba. Na je babban asibiti, aka bar ni na leƙa waɗanda suka ji rauni, ba ya ciki. Na bi masallatai da magariba ina duba sahu. Haka na kwana a kan ƙafata, da asuba na roƙi wani ladan ya yi mini cigiya, shiru.

Gari na wayewa sai na tuna maganar likita, na ce in dai yana da rai, mahaifina ba ya saɓa alkawari. Na ruga asibitin idon. Ga shi kuwa a bakin ƙofa, zaune a kan tabarma, an ɗaure masa gefen fuska da tsumma, kusa da shi wani magidanci mai ga-ruwa. Mutumin ya ce shi ya tsamo shi daga kwata bayan an bi ta kansa, ya goya shi zuwa gidansa, matarsa ta gasa masa ciwon. Ya ce duk daren tsohon bai damu da kansa ba, addu'a yake ta yi wa ɗansa baƙauye da ya tafi neman masauki, kada ya ɓace a birni. Mai ga-ruwan ya juyo ya tambaye ni a ina na ɓace. Kafin in buɗe baki mahaifina ya ce a bar yaro, ya gaji.

Sai da mutumin ya tafi na durƙusa, na ce, "Baba, ƙarya na yi maka. Ba masauki na je nema ba."

Ya lalubo kaina ya dafa. Ya ce, "Na sani. Ina zaune ina jin muryarka ta bayan shinge. Ban taɓa jin ka cikin farin ciki haka ba, shi ya sa ban sa a kira ka ba."

Da likita ya kwance tsumman, ya ce idon hagu ya fashe daga ciki, ba abin da za a iya yi masa, sai na dama kaɗai. Na kwana ashirin da wani abu a gindin gadonsa, ni ke ba shi abinci, ni ke kai shi bayan gida, ban yarda kowa ya taya ni ba. Aikin ya yi kyau, ya koma karanta Alƙur'aninsa da ido ɗaya har ƙarshen ransa. Ya hana ni faɗa wa kowa a gida, ya ce a ce faɗuwa ya yi, kuma ai ba ƙarya ba ce. Amma ni na kasa riƙewa, na faɗa wa mahaifiyata da bakina, ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata, ni kuwa kullum da safe sai na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta har ta sauko.

Ban rubuto don in zagi ƙwallo ba, har yau ina sonta, jikokina ma suna bugawa. Laifin nawa ne, da na ɗauka amana tana iya jira na awa biyu. Ku matasa masu cika filayen wasa, ku je ku yi kallonku, amma kafin ku shiga ku tambayi kanku wa kuka bari a waje yana jiranku. In an damƙa muku tsoho, ko mara lafiya, ko ƙaramin yaro, ku kai shi inda za a kai shi tukuna. Wasa ana sake yin wani mako mai zuwa. Ni dai shekara goma sha ɗaya na yi ina zama ta hagun mahaifina, don in riƙa faɗa masa wanda ke tahowa ta wannan gefen.