Kofin da na ci da makin hunturu

Edita, ina gaisuwa. Ni dattijo ne ɗan zangon Kumasi, karatuna bai yi nisa ba. Na yi shekaru ina aikin yankan ciyawa a wani filin wasan golf kusa da garin Clinton a nan ƙasar waje, kuma a nan na koyi wasan, domin ana barin ma'aikata mu buga kyauta idan babu jama'a. Daga baya na shiga wata 'yar ƙungiya ta mutanenmu masu bugawa ranar Asabar. Cikinsu akwai wani nas ɗan Filato da ya girme ni, Yaya nake ce masa. Shi ya ba ni jakar sanduna ta farko, shi kuma ya laƙaba mini Sarkin Ciyawa.

A wasan nan da sanda ake buga 'yar ƙwallo zuwa rami, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ke ci. Akwai kuma abin da ake kira handikaf, wato yawan bugun da ake yafe wa mutum gwargwadon rauninsa, don gwani da ɗan koyo su iya karawa. Daga katin makin da kake kawowa ake lissafa shi. Wata shekara gardama ta tashi a kan ko a riƙa karɓar makin hunturu. Yaya ya ce a'a, filin hunturu ba shi ne filin bazara ba, kuma wanda hannunsa ke karkarwa cikin riga uku ba golf yake bugawa ba, wahala yake sha. Aka yi dariya, sai aka ce a tambayi Sarkin Ciyawa tunda shi ya san ƙasar.

Na san gaskiya sarai. Da hannuna nake rufe lallausar ciyawar da ke kewaye da rami idan sanyi ya shigo, in haƙa ramin wucin gadi a wuri mai gargada. Ƙasa takan daskare, ƙwallo ta yi ta tsalle kamar a kan siminti, makin kowa ya lalace. Na kuma san ni kaɗai ke bugawa duk mako a lokacin, sauran suna gida kusa da hita. Amma na buɗe baki na ce bambancin bai taka kara ya karya ba. Yaya ya dube ni, ya ce tunda ƙaninsa ya faɗa, ya janye.

Hunturun nan na tara katuna masu munin maki, ban ƙara ko bugu ɗaya na ƙarya ba, kuma da wannan nake rarrashin zuciyata. Kafin bazara an ƙara mini bugu huɗu a kan abin da ake yafe mini. A gasar kofin shekara ni da Yaya muka rage a sama. Kowa ya san wannan ce gasarsa ta ƙarshe, gwiwoyinsa sun gaji, zai koma Jos, kuma shekara da shekaru yana zuwa na biyu. Ya buga wasan da ban taɓa ganin ya buga ba. Da aka cire abin da aka yafe mini, na ci shi da bugu ɗaya. Ya rungume ni yana tsokanata wai mai yankan ciyawa ya yanke shi, ya ɗauki kofin ya miƙa mini da kansa.

Ya koma gida. Muna waya, sau da yawa maganar takan zo bakina in haɗiye, ina cewa sai wani jiƙon. Ana haka aka ce ya rasu. Na je gaisuwa gidan 'yarsa a garin Fort Washington, nan kusa da mu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Kawu, babanta kullum yana faɗa mata cewa a duk ƙungiyar ni kaɗai ne ba a buƙatar duba katina, abin da na faɗa shi ke nan. Na kasa shan ruwan da ta kawo mini.

Asabar ɗin da ta biyo na kai kofin gaban 'yan ƙungiya na faɗa musu komai. Wani ya ce ai ban karya doka ba. Na ce ni na sa aka yi dokar, ina sane. Suka daina karɓar makin hunturu, aka kankare sunana daga jikin kofin aka sa nasa, na kai wa 'yarsa. Ta karɓa, amma shi bai taɓa riƙe shi a matsayin nasa ba.

Masu shirya gasa, ku bar hunturu ya zama na motsa jiki da zumunci. Wanda kuma aka tambaya don an yarda da saninsa, ya faɗi abin da ya sani ko da ba zai amfane shi ba. In kuwa ka riga ka zalunci mutum, nemi afuwarsa yau yana iya ɗaukar waya. Ni na jira, yanzu Allah kaɗai nake roƙo.